Katantanwa Uku

A garajin Nomau, bayan tashar Tawa,
kan buhun siminti da baƙin mai ya rina,
turbo uku na kwance kamar katantanwa.
Tanimun ya tsuguna, makullin mota a yatsa,
gumin shekara huɗu na Abijan a aljihu.
So yake baƙar Toyotarsa ta yi fiffike.

Nomau bai yi sauri ba. Ya kurɓi shayi.
Ya ce: Yaro, injin maƙera ce,
wuta na ciki, wannan kuwa zugazugi.
Hayaƙin da ka zubar shi ke juya shi
ya dawo maka da numfashi.
Sai dai kowane zugazugi da halinsa.

Ga ƙaramin, ɗan Japan, ta Kwatano ya zo.
Ya ci hanya tun gemunka bai fito ba.
Taɓa totur kaɗan, ya farka,
kamar yaron kirki mai jin kira ɗaya.
A cikin gari babu kamarsa,
tsakanin kabu-kabu da amalanken jakai.
Amma ka miƙe hanyar Ƙwanni,
kafin Badagishiri ya fara haki.
Abin da ke gare shi ya ba ka. Bai yi maka ƙarya ba.

Na biyun, dubi kwali, har da zanen damisa.
Sabo fil, jika tamanin, wai daga Dubai.
Sa yatsa nan. Girgiza. Ka ji?
Sandar ciki na rawa tun ba a kaɗa mata ba.
Zai yi maka fito mai daɗi wata uku,
ranar da kwalta ta yi taushi don zafi
ya sha mai, ya yi tari, ya tofa shuɗin hayaƙi,
ka dawo min da mota a bakin igiya.
Araha ba ta ado, balle gudu.

Tanimun bai ji ba. Idonsa na kan na uku,
ƙato, baki buɗe kamar tulu.
Wannan fa?

Nomau ya ajiye kofi.
Wannan mai nauyin barci ne.
Ka taka, shiru. Ka ƙara, shiru.
Sai ka fara zagin wanda ya sayar maka,
sannan allura ta haura dubu huɗu
ya harbe ka a baya kamar raƙumi,
itatuwa su haɗe su zama shinge,
sitiyari ya yi sakayau kamar faifai.
Yana son fistin mai ƙwari, lagireto babba,
da birkin da ya fi shi taurin kai.
Kana da su?

Zan saya a hankali.

Tsohon ya juya katantanwar,
ya goge cikinta da gefen riga.
Ga tsaga uku. Ni na yi su da ƙusa.
Bara waccan na ɗaura shi a motar Arzika ɗan Almu,
shi ma birki zai saya a hankali.
Wata biyar, masu sayen ƙarafa
suka kawo min shi a buhun gero daga kwanar Tsarnawa.
A motar duka, shi kaɗai bai lanƙwashe ba.

Me ya hana ka jefar?

Jika ɗari biyu ne, yaro. Ina da iyali.

Maƙwabci ya kashe injin walda.
Aka ji kiran la'asar, da kukan akuya a ƙarƙashin tifa.
Tanimun ya sa yatsa a bakin ƙaton
ya kaɗa farfelar sau ɗaya.
Ta juya, ta juya, ba ƙara, ba tangarɗa,
ta ƙi tsayawa.

Ya ce: Ƙaramin nawa ne?

Amma hannunsa bai bar babban ba.